Notunan da Baffa Ya Ɗaure Min a Hanyar Gummi

Ku matso kusa, wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna, yau zan ba ku labarin nan tun daga tushe ko na samu in huta. Tun da na dawo ban yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya shigo zaurena da yadinsa, kafin in ɗora masa awo sai ya tambaya wai da gaske ne Isiyaku Tela, mutumin da ko Bagega da ke nan ƙasarmu bai taɓa leƙawa ba, ya tafi Gummi bisa keke? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci, in karanta muku sau ɗaya. Da gaske ne, kuma ga yadda aka yi.

Ni dai kun san ni. A Anka aka haife ni, kuma daga zaure sai masallaci sai kasuwa. Mota sau ɗaya na shige ta, zuwa Gusau, na yi amai a kan rigar wani bawan Allah, rigar kuwa ni na ɗinka ta da hannuna. Babur kuma in na hau rufe ido nake yi in ƙanƙame mai tuƙi har ya kasa juya kai. To sai na haƙura da tafiya, na ce duk mai son ganina ya san inda nake.

Autata Saratu a Gummi take aure, gidan Alhaji Garba mai fataucin shinkafa, wanda ni nake masa ɗinki tun muna da baƙin gemu. Ɗansa ne ya aure ta. Haihuwar fari a gidanmu ta yi, wannan ta biyun kuwa a ɗakinta, aka samu namiji. Mai ɗakina ta riga ta tafi a mota. Sai ta kira ni a waya, ta ce Alhaji ya ba ta saƙo: in safiyar suna ta same ni zaune bisa tabarma a ƙofar gidansa, yaro Isiyaku ne. In ba ta same ni ba, sunansa zai sa. Na yi dariya, don na san tsokana ce irin tasa. Amma kunnena Allah ya yi shi da jin abin da ba a ce ya ji ba. Can bayan muryar mai ɗakina sai na tsinkayi Saratu tana magana a hankali.

“Inna, ki ce su bar wahal da shi. Baba ba shi zuwa.”

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan. Ta faɗa ne kamar mai cewa gobe Juma'a. Na ajiye wayar, na kasa zura zare a allura.

Maƙwabcina Lawali yana da wani keke ɗan kwatano, mai ƙibar taya, mai giya, wanda ya saya lokacin da yake aiki da masu kwashe ƙasar gubar nan ta ƙauyukan zinari. Ya samu babur, keken yana jingine. Na je na ce ya ara min. Ya tambaye ni ina za ni, na ce Gummi, sai da ya zauna ƙasa don dariya. Da ya ga ban yi ba, ya fito da shi ya nuna min 'yan maɓallai biyu a hannun dama. In na ga tudu ko rairayi in danna babban, feda ta yi sauƙi. In na ga miƙaƙƙiyar hanya in danna ƙaramin, keke ya yi gudu. Iyakar karatun da aka yi min ke nan.

Na ɗaure ƙunshina a kariya, cikinsa har da 'yar riga da 'yar hula da na ɗinka wa jaririn, na fita bayan sallar asuba ana jibi suna. Damina ce, gero ya kai ƙirji. Abin da mutane ba su sani ba, ƙafar tela ba ta gajiya da taka feda, aikinta ke nan tun safe har dare. Inda aka samu matsala mazauni ne. Sirdin keken nan siriri ne kamar bakin lauje, wanda ya ƙera shi bai taɓa zama ba. Kafin hantsi na tsaya na naɗe shi da rawanina na ɗaure da roba, na ci gaba da kai ba rawani, amma da kwanciyar hankali.

Keken kuwa yana yi min biyayya. In danna, in ji “ƙas”, sarƙa ta koma wani faifan haƙora, ta yi shiru. Na riƙa dannawa ko ba dalili, don daɗin ƙarar kawai.

Wajen shiga ƙasar Bukkuyum na iske shingen 'yan sintiri, sun gitta itace a hanya. Babbansu ya ce in kwance kaya. Ya ɗaga 'yar rigar nan da yatsu biyu, ya dube ta ya dube ni, ya tambaya ko tawa ce ta sallah. Da ya ji ni tela ne sai fuskarsa ta canja, ya juyo ya nuna min aljihunsa da ya yage har ƙasa, ya ce goro yana zube masa. Na fito da allura na ɗinke shi yana tsaye, sauran suna riƙe min keke suna gardamar ko nawa ne giyarsa. Suka ba ni hoce guda biyu, gurasar dawa irin ta ƙasarmu, suka ɗage itacen. Hocen nasu ya fi namu tsami, amma ban faɗa musu ba.

Da la'asar na sauka gidan Baffa Umaru a Bukkuyum. Shi ƙanen mahaifin mai ɗakina ne, wato surukina ne sosai. Ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, in yana magana ƙasa nake duba. Tsoho ne dogo, manomi, mai wani baƙin keke da ya girmi Saratu, kullum yana sheƙi kamar yau aka kwance shi daga kwali. Aka kai ni ɗakin baƙi, aka kawo tuwon dawa da miyar sure, malmala irin wadda a gidana mutum uku ke tarar wa. Mu a Anka in baƙo ya ce ya ƙoshi a kan ce ya ƙara sau ɗaya a ƙyale shi. A gidan Baffa in ka ce ka ƙoshi sai a ɗauka miyar ce ba ta yi ba, a canjo wata.

Akwai wata al'ada tasa da ban sani ba sai da ta faɗa kaina. Baffa ba ya barin abin hawan baƙo ya kwana haka nan. In da jaki ka zo, zai ba shi harawa ya duba kofatonsa. In da keke ne, zai wanke shi ya bi shi noti-noti. Da muka dawo masallaci da safe na iske keken Lawali a tsakar zaure yana walƙiya, an ba tayoyi iska, an shafe sarƙa da mai. Baffa na tsaye kansa da sukundireba a hannu. Ya nuna min can baya, wajen ɗan hannun ƙarfen nan mai ƙananan ƙafafu biyu da sarƙa ke bi ta ciki.

“Na iske notunan ga biyu sun hito waje, saura kaɗan su hwaɗi. Na ɗamre maka su tam. Wanda ya ba ka keken ga bai kula da shi.”

Na durƙusa na yi godiya har da addu'a, don ni ma a lokacin gani nake an yi min alheri.

Sai rakiya. Mu rakiyarmu bakin lungu ce, in an girmama ka a kai ka bakin kasuwa. Baffa ya hau baƙin kekensa ya ce mu je. A bakin gari na tsaya zan yi sallama, ya ce sai wajen tsamiyar can. A tsamiya ya ce sai mun wuce gonarsa. Bayan gonar ne na lura da ƙunshin babbar riga a kariyarsa, ashe shi ma sunan za shi, bai ga dalilin faɗa min ba ne kawai. Ya ce mu bar kwalta, akwai hanyar daji da ta fi kusa, rafi ɗaya ne a gaba, sai dai ya cika, kuma mai kwalekwalen yana tashi in la'asar ta yi sanyi. Wanda ya rasa shi, a wannan gaɓar zai kwana. Suna kuwa da sassafe ne.

Tun kafin mu bar gari kunnena ya gaya min akwai magana. Keken da jiya yake tafiya shiru yanzu yana wani ƙarat-ƙarat kamar ɓera a cikin tukunya. Muka iso rairayi na farko, na danna babban maɓalli, ya yi tauri, sarƙa ba ta hau ko'ina ba. Muka fito fili na danna ƙaramin, nan ma ba ta sauka ba. Ta maƙale a tsakiya, kuma a tsakiyar ma ba ta zauna ba, tana tsalle tsakanin faifai biyu. Duk lokacin da na taka da ƙarfi sai ta zille, ƙafata ta suɓuce, feda ta dake ni a ƙwauri. Na dinga sauka ina turawa. Baffa kuwa yana gaba a miƙe bisa kekensa mai giya ɗaya tak, in ya yi nisa ya tsaya ya jira ni. Sau ɗaya ya ce kekunan zamani ado aka yi su don shi, na ce haka ne, Baffa.

A raina na san daga inda abin ya fito. Jiya lafiya, yau ba lafiya, kuma abu ɗaya ne ya canja tsakani. Amma ku gaya min, wa zai dubi surukinsa, tsohon da ya tashi tun duhu ya wanke maka keke da hannunsa, ya ce masa gyaranka ne ya ɓata? Na yi ta tura keke ina haɗiye maganar.

Azahar ta same mu a wata ruga. Mai rugar ya shimfiɗa mana buzu a gindin kirya, matarsa ta dama mana fura da kindirmo mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Namu na kasuwar Anka in ka gan shi kusa da wannan sai ka ce ruwan wanke ƙwarya ne. Baffa ya tambayi nisan mashigi. Bafulatanin ya dubi rana, ya dubi ƙwaurina da ya kumbura, ya ce mai keke lafiyayye zai kai, mai turawa kuwa gara ya kwana nan, akwai wuri.

Na yi fatan Baffa ya ɗan kishingiɗa ya runtsa in lallaɓa in duba keken a ɓoye. Baffa ba ya barcin rana. Yana zaune yana jan carbi, idonsa tar. Ni kuma ba abin da nake ji sai muryar nan ta cikin waya, Baba ba shi zuwa. Na ga in na ci gaba da kara, gobe da safe za a raɗa wa yaro suna ina nan ina shan kindirmo, kuma Saratu ba za ta ko yi mamaki ba.

Na matsa na durƙusa, na ce ina jin rairayi ya shiga giyar, ko zai taimaka ya juya min feda in duba. Ya miƙe nan da nan, don Baffa in dai aikin keke ne ba a roƙonsa sau biyu. Muka rataye keken ta sirdi a reshen kiryar da robar kaya, tayar baya ta bar ƙasa. Na ciro ɗan sukundireban keken ɗinkina, wanda ba ya barin aljihuna.

Ban san komai game da giya ba, amma na san inji ba ya ƙarya in ka tsaya ka kalle shi. Baffa na juya feda, ni ina danna maɓalli ina kallo. Sai na ga waya ce ke jan ɗan hannun ƙarfen nan, shi kuma ya tura sarƙa daga faifai zuwa faifai. Waya na ja, hannun ya taho wajen manyan faifan, sai ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango. Na leƙa ta ƙasa, na ga bangon. Bakin ɗaya daga cikin notunan nan ne ya tokare shi. Ashe ba don su riƙe wani abu aka sa su ba, iyaka ce, kamar turken da ke hana akuya shiga gonar maƙwabci. Ɗaya yana tsare gefen manya, ɗaya gefen ƙanana, Baffa kuma ya matso da turakun biyu har akuyar ba ta da wurin juyawa.

Na sa sukundireba na sassauta na farkon kaɗan. Hannun ya matsa, sarƙa ta hau faifai na gaba. Na ƙara, ta ƙara hawa. Fedar ta tsaya. Ban ɗaga kai ba, amma na san Baffa yana kallon hannuna.

“Tela, waɗanga ba su ne na ɗamre da sahe ba?”

Bafulatanin ya juya yana duban shanunsa.

“Su ne, Baffa. Da ba ka ɗamre su ba, da har in mutu ban san aikinsu ba.”

Na fara nadamar fitowa daga gida. Can sai na ji fedar ta ci gaba da juyawa.

“To sassauta mu gani,” in ji shi.

Daɗi ya sa na zarce. Na kwance notin fiye da kima, sarƙa ta haye babban faifan ta wuce, ta faɗa tsakaninsa da wayoyin taya ta cije. Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce ashe ba shi kaɗai ke wuce wuri ba. Muka ciro ta da ƙyar, hannuwanmu baƙi ƙirin. Na mayar da notin ciki sannu-sannu har ƙaramar ƙafar nan ta tsaya daidai ƙarƙashin babban faifai, ba ta leƙa ciki ba. Na koma kan ɗayan, na saki wayar duka, na sassauta shi har sarƙa ta sauka kan ɗan ƙaramin faifan ta zauna, na tsaya nan, don na riga na ga abin da zarcewa ke jawowa.

Yanzu tana kaiwa ko'ina, amma ƙarat-ƙarat ɗin bai tafi ba, kuma in na danna sai ta yi jinkiri kafin ta hau. A nan ne sana'ata ta yi min rana. A keken ɗinki in zaren sama ya yi sako-sako, kafin ka ga ɗinki ya yi kumfa a ƙasa kunnenka zai ji. Maganinsa kuma ba ƙarfi ba ne, ɗan murzawa ne. Na bi wayar da yatsa har inda ta shiga hannun ƙarfen, na iske wani ɗan abu kamar kan kwarkwaro, mai juyuwa da yatsu. Shi ma Baffa ya murza shi ciki har ƙarshe, wayar ta saki. Na juya shi waje kaɗan, na rufe ido. Bafulatanin ya fara wata magana, na ji Baffa ya ce masa ya dakata, ana saurare.

Na ƙara kaɗan, ƙarar ta ragu. Na ƙara, sarƙa ta riƙa hawa da dannawa ɗaya, amma wajen saukowa ta fara nawa, na gane waya ta yi tsauri. Na mayar da rabin abin da na ƙara. Sai ƙarar ta ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai sululun taya. Na bi faifan nan ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, kowane “ƙas” da amsarsa. Baffa ya ce in ba shi ya danna shi ma. Ya danna har sai da na tuna masa rana.

Daga nan ba tafiya muka yi ba, tashi muka yi. Rairayi ya zo, na danna babba, na ratsa shi a zaune. Tudu ya zo, na haye ina ko numfashi ban canja ba. Amma inuwa ta riga ta yi tsawo, tsohon kuma ya fara gajiya. Da muka fito wani dogon fili ya ɗaga min hannu ya ce in wuce in tsayar da mai jirgi. Ban taɓa shiga gaban Baffa ba tun da na auri 'yarsu. Na sauke sarƙa kan ɗan ƙaramin faifai, na ba ƙafar tela aikinta. Iska ta cika min riga, kaji suna watsewa, wata mata da tulu ta koma cikin gero.

Na iso mashigi mai kwalekwale ya riga ya ɗaure jirginsa, ya saɓa gorarsa ta tuƙi a kafaɗa. Na faɗa masa daga inda nake da abin da ke gabana, ina haki. Ya ce daga Anka, bisa wannan? Ya ajiye gorar ya ce zai jira tsohon, ko don ya ji ƙarshen labarin. Da Baffa ya iso aka zo sa kaya, mutumin ya kama kekena zai kwantar da shi ta gefen giya ya ɗora baƙin a kai. Baffa ya riƙe masa hannu.

“Juya shi. Wanga gehe ba a taɓa shi, mun sha wuya kahin mu daidaita shi.”

Mun shiga Gummi ana kiran magariba, garin duk ƙanshin kifi. Su can shinkafa ba abincin biki ba ce, ta kullum ce, kuma kifin da suka sa min a kwano a Anka sai a raba wa gida guda. Amma kafin abinci mai ɗakina ta ja ni ɗakin mai jego. Saratu na zaune da jariri a cinya. Ba fuskata ta fara duba ba, ƙafafuna ta duba, laka har gwiwa, ga ƙwauri a kumbure. Ta ce, “Baba,” sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ajiye 'yar rigar da hular kusa da ita na fito, don ni ma idona ya fara ba ni kunya.

Da safe na riga kowa zama bisa tabarmar. Alhaji Garba ya fito ya gan ni, ya tsaya, ya ce a taɓa masa ni ko aljani ne. Ya ce shi fa ya riga ya saba wa bakinsa da Abubakar, amma magana ya yi gaban mutane. Ya sunkuya ya raɗa wa liman. Aka yi fatiha, aka ɗaga murya aka ce sunan yaro Isiyaku. Uwarsa ba za ta iya kiran sunan ba, Abba take ce masa, amma ni na ji shi da kunnena, kuma kun san kunnena.

Kafin a watse na ji Baffa a gefe yana ba wasu dattawa labarin yadda muka gyara giya a ruga, ni da shi, yana nuna musu da yatsu cewa akwai notin da ba a ɗaurewa. Dawowa ta kwalta na biyo, keken bai ce uffan ba har ƙofar Lawali.

Saura abu ɗaya da ya hana ni sakewa. Da za mu rabu Baffa ya ce zai zo Anka kafin sallah in ɗinka masa riga, kuma tun zuwansa na bara ya lura notunan keken ɗinkina sun cika ɗauri, zai taho da sukundirebansa ya sassauta min su. To ku da kuka fi ni yawo da sanin mutane, in ya yi sallama ya zauna ya ce in miƙo keken, me zan ce masa?